Yafiyar da Ustaz Ya Riƙe

Ni gola ne. In ana hirar ƙwallon makaranta kowa labarin wanda ya ci yake bayarwa, ba mai tambayar wanda aka ci, to ni ne wanda ake ci. Na tsare wa makarantarmu ta ƙasan Misfala, unguwarmu a Makka, gida a shekarun alif ɗari tara da sittin da ɗoriya, lokacin da ake ta rushe tsofaffin gidajen gefen Harami ana faɗaɗa shi, manyan motoci suna wucewa ta ƙofar makarantar ɗauke da ɓaraguzai. Filinmu wani kwari ne da ruwa ke bi in an yi ambaliya. Raga ma ba mu da ita, sanduna biyu ne da igiya a sama. Duk sanda ruwa ya zo ya wuce sai mu yi kwanaki muna tsince duwatsun da ya bar mana, kuma duk tsintarmu sai wani ya bar farcensa a wurin, don ba da takalmi muke bugawa ba.

Wanda ake zuwa kallo a filin nan ba ni ba ne, ɗan goggona ne. Tsarana ne kuma taubashina, don haka ba abin da ban gaya masa ba a duniya, shi ma bai rage mini komai ba. Yana ce mini rariya, wai duk abin da aka zuba mini sai ya wuce. Ni kuma ina ce masa mai ƙafar tsinke. Amma gaskiya ɗaya ce, ban taɓa ganin mai buga ƙwallo irinsa ba, har yau da nake kallon na talabijin. Ba wani gudu ne da shi ba. Abin da Allah ya ba shi shi ne rashin garaje. Zai tsaya da ƙwallo a ƙafa kamar ya manta da ita, ɗan baya ya taho a fusace, sai kawai ya ɗan karkata kafaɗa, mutum ya wuce shi kaɗai ya tafi abinsa. Tsofaffin unguwa da suke cewa ƙwallo aikin banza ne, in sun fito daga la'asar sai ka ga sun rage tafiya a bakin kwarin, wai iska suke sha.

Duk wannan aikin Ustaz ne. Malamin lissafinmu ne, Bahaushe, amma a Sudan aka haife shi, iyayensa suna kan hanya suna tsinkar auduga suna tara guzirin ƙarasowa. A can ya koyi ƙwallo, a can kuma ya samu ciwon gwiwar da ya sa yake ɗingishi. Shi ya ga ɗan goggona a lungu yana buga ƙwallon tsumma. Shi ya yi ta sintiri shagon mijin goggo, wanda tela ne kuma ya riga ya ware wa yaron keken ɗinki, har ya yarda ya bar shi a makaranta. Ba wanda ya sa Ustaz koya mana ƙwallo, ba kuma wanda ya taɓa ce masa sannu. Mutum ne mai zafi, marar dariya. In ka yi daidai ya ce "haka", in ka yi kuskure ya tambaye ka ko a gidanku haka ake yi. Burinsa ɗaya ne kuma kowa ya sani: ya kai 'ya'yan Misfala su tsaya gaban manyan makarantun Makka a gasar makarantu, a san muna nan. Ya jira har muka girma muka san ƙafar juna. A shekarar da ya ce mun nuna, a ita aka ɗauke mana ɗan goggona.

Wani malamin wasanni ne, Bamisire, daga wata babbar makaranta a unguwar Zahir, ya gan shi a wasan sada zumunta. Bai yi magana da yaron ba, bai yi da Ustaz ba, shagon tela ya nufa. Ya ce za su karɓe shi a makarantarsu. Su suna da ɗakin kimiyya da malamin Turanci na gaske, kuma wanda ya gama a wurinsu hanyar kulliya, wato kwaleji, a buɗe take gare shi. Tamu kuwa in ka gama, in ka yi sa'a ka samu zama a bakin wani ofis kana rubuta wa mutane takardu. Mijin goggo ko shawara bai nema ba, ya ce ya amince. Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba.

Mutanenmu, waɗanda suka zo da ƙafa ta Chadi da Sudan, suna da wata al'ada da suka taho da ita daga hanya. Ba a barin mutanen da aka zauna da su sai an bi su gida gida an nemi yafiya. Ba sallama kawai ba ce. Za ka durƙusa ka ce a yafe maka, mai gida ya ce ya yafe, shi ma ya nemi taka. A hanya abin yana da dalili, don wanda ya rabu da ayari a wani gari ba lallai a sake ganinsa ba. Amma ko da aka zauna a Makka ba a daina ba. Wanda zai tashi daga Misfala ya koma unguwar Mansur, tafiyar da ba ta kai a ji ƙishirwa ba, sai ya yi wannan zagayen. Kuma abin yana da tsari, da babba ake farawa. A hanya madugu ake fara gaya wa, don kada ya ji labarin tashinka a bakin wani.

Goggo ce ta ce sai ɗanta ya yi zagayen, ko da yake ba gida zai tashi ba, makaranta kawai zai sauya. Ta ce mutanen da kuka tsinci duwatsu tare ba a barinsu kamar an fita daga shagon shayi. Ni na raka shi, ina kumbure, don haushinsa nake ji kamar in shaƙe shi. Da muka fito na ce masa mu fara hawa wurin Ustaz.

"Bari in saba da faɗar maganar tukuna," ya ce. "In na fara da shi bakina ba zai buɗe ba."

Wallahi ba raini ba ne. Kunya ce, irin wadda mutum yake yi wa ubansa. Sai muka bi gidajen 'yan wasanmu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɓata rai ya ce ya yafe, uwar kowa ta tsare mu da shayi. Kafin mu hau dutsen da gidan Ustaz yake, labari ya riga mu hawa.

Mun same shi a ƙofar gida kan tabarma, yana ɗinke ƙwallonmu ta fata da ta fashe. Ɗan goggona ya cire takalmi ya durƙusa, mai surutun nan murya ta koma ta ƙaramin yaro.

"Ustaz, na zo neman yafiya. Zan koma makarantar Zahir."

Ustaz bai ɗago ba. "Gida nawa ka shiga kafin nan?"

Ɗan goggona ya ƙura wa tabarma ido.

"Mai ga-ruwa ya riga ka," in ji Ustaz. "Shi ya gaya mini, yana juye ruwa a randa."

"Ustaz, a yafe mini."

"Na ji."

Shi ke nan. Bai ce bai yafe ba, bai ɗaga murya ba, ya ci gaba da soka allurarsa. Muka yi ta zama har ƙafata ta yi sanyi, sannan muka tashi muka sauko.

Goggo ta yi kuka ranar. Ta ce ƙafar da malaminta bai saki ba ba za ta yi albarka ba ko da zinariya aka yi mata takalmi. Ta tura mijinta ya je ya ba da haƙuri. Ustaz ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi shayi, ya ce ai yaro bai yi masa komai ba. Wannan ta fi zagi ciwo, don wanda ya ce ba a yi masa komai ba ya rufe ƙofar da za a roƙe shi ta cikinta. Ɗan goggona ya tafi Zahir da wannan a wuyansa, kuma ya yarda da maganar uwarsa ɗari bisa ɗari.

Babana da mijin goggo kuwa sun samu abin yi na shekara guda. Baba tasbaha da turare yake sayarwa, in ya rufe sai ya biya shagon ɗinki su ɗora daga inda suka tsaya jiya.

"An raini yaro a nan, an sha wahalarsa, ya nuna, wasu su zo su tsinka," in ji Baba. "Gobe duk yaron da ya iya wani abu a kwashe shi. Mu a bar mu da su wa?" Sai ya waiwayo ya kalle ni.

Mijin goggo yana taka keke ya ce, "Da ni da kai mutum nawa muka bari a hanya? Da mun tsaya duk inda aka yi mana alheri, da yanzu muna gonar auduga."

"Mun bar su, amma da yardarsu."

"Da sun ƙi yarda fa, da ka zauna?"

A nan Baba yake yin tsaki ya ce a ƙaro shayi. Abin da yake ba ni haushi shi ne duk wanda ya yi magana a cikinsu sai in ji shi ne da gaskiya.

A Zahir abin bai zo wa ɗan goggona da sauƙi ba. An ba shi takalmin ƙwallo, abin da muka daɗe muna mafarki, sai ga shi ya yi masa bororo a dunduniya, ƙwallo kuma ta daina jin maganarsa. Bamisiren ba ya son a tsaya da ƙwallo, shi a ba da ita a ruga, a ba da ita a ruga. Mutumin da tsofaffi suke rage tafiya don su kalla ya koma zaman benci wata da watanni. A can suna ce masa Takruni, sunan da Larabawa suke kiran mutanenmu da shi, in ya dawo unguwa a ce ga ɗan Zahir ya iso. Yana fita bayan asuba, ba ya dawowa sai magariba ta wuce, ya rame, wuyan nan ya ƙara tsawo. Da ya fara samun shiga wasa kuma, yaron da yake buga wurin a da ya yi fushi ya daina ƙwallon gaba ɗaya, wannan ma ta tsaya masa a rai. Ya ce mini bai san cewa wurin da aka ce masa a buɗe yake da mutum a ciki ba.

Amma kuma ina ganinsa yana sauyawa a gaban idona. Ya fara zuwa da littattafan da ban taɓa ganin irinsu ba. Ya fara maganar zai zama malami, shi da a da in ka ce masa gobe ba ya ganin komai sai wasan la'asar. Larabcinsa ya gyaru, ya daina jin tsoron magana a gaban manya. Ƙafar tsinken ma ta fara yin nama. Na ce masa an dai ciyar da kai a can, ya ce ai rariya ba ta san ƙoshi ba.

Mu kuwa mun sha kashi. A farkon shekarar nan duk makarantar da ta zo sai ta yi mana dukan kawo wuƙa, na ɗauko ƙwallo daga bayan sanduna har bayana ya gaji. Da, in abu ya rikice sai a miƙa wa ɗan goggona a tsaya kallo. Yanzu ba wanda za a miƙa wa, dole muka koyi neman juna. Wani gajere ɗan ajinmu da ya yi shekaru yana jiran wuri, ba wanda ya san ya iya, ya shiga ya fara ba mutane mamaki. Ba mu koma yadda muke ba, kada in yi ƙarya, amma mun daina zama abin dariya. Ustaz ya ƙara zafi, kuma bai ƙara ambaton ɗan goggona a filin nan ba ko da kuskure.

Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne abin da yaron nan yake yi duk Juma'a. In an sallame a Harami sai ya je ya tsaya a ƙofar da Ustaz yake fita, cikin turereniyar mutane, rana tana dukan dutse. In ya hango shi sai ya ratsa ya durƙusa a gabansa.

"Ustaz, a yafe mini."

"Na ji."

Ustaz ya wuce da ɗingishinsa, shi kuma ya tashi ya kakkaɓe gwiwa. Mako mai zuwa ya dawo. Mutane har sun saba, wasu suna tsayawa kallo. Wata Juma'a na kasa daurewa, na fizgo hannunsa na ce, "Kai wane irin mutum ne? Ka ƙyale shi mana. Aljanna a hannunsa take? Makaranta ka sauya, ba kisan kai ka yi ba."

Ya zare hannunsa a hankali. "Shi ya fitar da ni daga shagon ɗinki," ya ce. "Ko shekara goma zai yi yana cewa ya ji, zan zo ya ji."

Ni da a ce ni ne, da tun Juma'a ta biyu na sauya ƙofa. A ranar na fara girmama shi, ba don ƙwallo ba.

Sai aka haɗa mu da makarantarsu a gasa, a filinsu na Zahir. Fili shimfiɗaɗɗe, an ja masa layi da farar ƙasa, kuma ranar na fara tsayawa da raga a bayana. Kafin hutun rabin lokaci ba wanda ya ci wani. Na yi tsaron da ban taɓa yi ba, har Ustaz ya ce mini "haka". Da aka dawo sai Bamisiren ya sa ɗan goggona. Na ga ya kalli inda Ustaz yake tsaye kafin ya shigo. Gabana ya faɗi, ba don tsoron ya ci ni ba, don tsoron kada ya sassauta mana. Da ya yi haka da ya raina mu, da kuma ni ne ba zan yafe masa ba.

Bai sassauta ba. Ya karɓi ƙwallo a tsakiya, 'yan bayanmu suka ja baya suna jiran ya tsaya da ita kamar yadda suka san shi. Sai ya ba da ita ya ruga, aka mayar masa, sai ga shi daga ni sai shi. To ni tare muka yi rarrafe da mutumin nan, na san in ya karkata kafaɗa hagu dama zai bi. Ya karkata hagu, na faɗi dama. Ashe ba yaudara a ciki, inda kafaɗar ta nuna nan ya gangara ta a hankali, na ji ta taɓa raga ina kwance ina cin ƙasa. Da ya zo wucewa ya ce, "Sannu, rariya," amma ba dariya a fuskarsa. Na tashi na harbi sandar gola da ƙafa, babban yatsana ya kumbura har mako ya zagayo. Sun ƙara mana wata, ita ma shi ya tsara ta, aka fitar da mu daga gasar.

Muna zaune a gefe kowa ya sunkuyar da kai. Can sai Ustaz ya ce, kamar da kansa yake magana, "Kun ga yadda ya ba da ita ya ruga? Ni ban koya masa wannan ba." Ɗan goggona ya ƙetaro fili da gumi a jikinsa ya durƙusa, ya faɗi abin da ya saba faɗa, aka ba shi amsar da aka saba ba shi. Daga baya na kai masa maganar da Ustaz ya yi a kansa. Ya ji daɗi, na ga idonsa ya kawo ruwa, amma ya ce ba ita yake jira ba.

Bayan aikin hajji, makaranta ta koma, jarrabawa ta matso, sai labari ya cika Misfala cewa Ustaz zai tashi. Matarsa ta daɗe tana fama da ciwon ƙirji, zafin Makka yana tayar mata da shi. An yi masa tayin wata makaranta a Ɗa'ifa, inda iska take da sanyi, makarantar ta fi tamu girma kuma har da gidan zama. Ya karɓa. Zai bar mu shekara ba ta ƙare ba.

Tabɗi, bakin mutanen unguwa ya samu aiki. A shagon shayi, a wurin ɗibar ruwa, kowa cewa yake yau ga wanda ya riƙe yaro da laifin sauya makaranta zai sauya tasa. Mijin goggo kuwa, yadda yake taka keken nan ka san waƙa yake yi a zuci. Ni ma na ce to, bari mu gani. Al'ada ba ta san malami ba, mai tafiya shi ke bin gidaje. Ustaz kuwa ya bi ta yadda aka gada, ya fara da liman, ya bi dattawa, ya gangaro gidajen iyayen 'yan wasansa. Ya zo gidanmu ya durƙusa wa Baba da gwiwar nan tasa, ya juyo ya ce da ni in yafe masa, na rasa inda zan sa kaina. Gida ɗaya ya rage, na goggo. Kowa ya san shi ya rage. Goggo tana share ƙofar gida kullum da safe tana yayyafa ruwa, kwanaki suna wucewa, Ustaz bai zo ba, har ya zama gobe zai tafi.

Safiyar tafiyar ta zo daidai da atisayen ƙarshe a Zahir, wanda a cikinsa Bamisiren yake zaɓar waɗanda za su buga wasan ƙarshe na gasar. Dokarsa ce wanda bai zo ba ba ya bugawa, ko ɗan wane ne. Ɗan goggona kuwa bai daɗe da samun wurinsa ba bayan duk zaman bencin nan. Amma bayan asuba sai ga shi a ƙofar gidanmu, ba jakar makaranta.

"Zo mu je mu taya Ustaz loda kaya."

"Ka haukace ne?" na ce. "Shi ya kamata ya zo ya same ka. Yau dai ka zauna a gida ya sauko da ƙafarsa. In ma ba za ka zauna ba, ka tafi atisayenka."

"Ai shi ya sa," ya ce. "Kana so mutum kamarsa ya shigo layinmu, mutane sun leƙo ta taga, ya durƙusa wa ni? In na je na sake roƙonsa ya ce ya yafe, an gama. Ba sai ya roƙe ni ba."

Na kalle shi. Shekara guda ana mayar da shi da kalma biyu, yau ranar tasa ta zo, shi kuma abin da ya dame shi kada a ga kunyar mutumin. Na sa takalmi na bi shi.

Motar kaya tana ƙasan dutsen, don ba ta iya hawa. Maƙwabta da 'yan wasanmu suna ta saukowa da katifu da tukwane da akwatin ƙarfe. Ɗan goggona bai gai da kowa ba, ya sa kafaɗa ya ɗauki randa, ya sauka ya hau, ya sauka ya hau, har aka gama. Ustaz yana tsaye gefen mota sanye da farar riga ta fita, da hula da mayafin kafaɗa, kuma na lura ba wajen mota ya fuskanta ba, wajen layin su goggo yake kallo. Ashe shirin zuwa ya yi. Kafin ya ɗaga ƙafa ɗan goggona ya riga ya zube a gabansa.

"Ustaz, a yafe mini."

Kowa ya tsaya da abin da yake yi. Ustaz ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, kuma na tabbata ya gane abin da yaron ya zo yi masa. Da ya ce ya yafe ya hau mota, ba wanda zai ce ya saɓa al'ada.

"Tashi," ya ce. "Yau ba kai ne mai tafiya ba."

Ɗan goggona bai tashi ba. Sai Ustaz ya kama ƙarfen mota da hannu ɗaya, ya sauke gwiwar nan mai ciwo a hankali har ƙasa, farar rigar ta kwanta cikin ƙura. Suka zama fuska da fuska.

"Na yafe maka tun ranar da ka hau dutsen nan," ya ce. "Bakina ne ya ƙi faɗa. Ka tafi neman abin da zai amfane ka, ni ma ga shi zan tafi in bar yaran nan ana tsakiyar karatu. Na sa ka ɗauki abu mai nauyi shekara guda a gaban mutane. Ka yafe mini."

Mai bakin nan da ba a taɓa kayar da shi a magana ba ya kasa cewa komai. Hawaye yana ɗiga kan hannun Ustaz da ya riƙe. Ustaz kuma ba zai tashi ba sai ya ji amsa, gwiwar tana karkarwa kowa yana gani. Direba ya leƙo ya koma. Ni na matsa na zungure shi da ƙafa, na ce, "Ka amsa mana, ƙafarsa tana ciwo."

"Na yafe," ya ce, da ƙyar aka ji.

Shi ya ɗago Ustaz, ya kakkaɓe masa riga, ya taimaka masa ya hau gaban mota kusa da matarsa. Muka tsaya har motar ta sha kwana. Sannan ya goge fuska da hannun riga ya kama hanyar Zahir da ƙafa, rana ta riga ta fito sosai, ya san atisaye ya ƙare.

Wasan ƙarshen nan a benci ya yi shi, daga busa ta farko har ta ƙarshe. Na je kallo, na zauna a bayansa. Ya ɗaure igiyar takalminsa tsaf ko da za a neme shi, ba a neme shi ba, yana ta tafa wa wanda aka sa a wurinsa.